Kafin A Zagi Aska, A Duba Dutsen Washi

Akwai wata magana da ta yi yawa a majalisun unguwar nan, musamman a bakin samari da 'yan boko, wai zamanin aska ya wuce. Wai aska tana karce kai, tana jawo ƙuraje a ƙeya, tana yaɗa cuta, don haka a jefar da ita kowa ya kama reza. Har wasu daga cikin wanzamanmu sun sallama, sun tura askar da suka gada can ƙasan zabira tana tsatsa. Ni kuwa na ce a dakata tukuna, an kama wanda bai ci nanin ba. Duk askar da ka ji tana karce kan mutane a garin Mubi yau, ka tambayi mai ita a kan me ya wasa ta. Amsar da zai ba ka ta isa a yanke shari'ar.

Amsar ba ta wuce ɗaya cikin uku. Ko dai ya ce ya wasa ta a kan baƙin dutsen nan mai fuska biyu da ake kasawa a kasuwa tare da kwado da ƙusa. Ko ya ce ya kai ta wurin mai inji, wanda ke wasa wa mahauta wuƙaƙe da adduna. Ko kuma, abin kunya, ya ce ya ɗan goga ta a bakin dakali ko a kan duk dutsen da ya tsinta. Duka ukun kisan aska ne. Wanda ya yi wa askarsa haka sannan ya ɗora ta a kan jaririn kwana bakwai, wallahi bai kyauta wa jaririn ba, bai kyauta wa sana'ar ubansa ba.

Bari mu fara daga tushe, don kada a ce ina faɗa ne kawai. Bakin wuƙa daban, bakin aska daban. Wuƙar mahauci tana son ɗan kaushi a bakinta, irin ƙananan haƙoran da ido ba ya gani, su ne ke kama nama da jijiya su ja. Aska kuwa aikinta ta sare gashi daidai saman fata ba tare da ta taɓa fatar ba. In bakinta yana da irin waɗancan haƙoran, sai ta riƙa fizgar gashi tana kartar fata. Mai askin ya ji zafi, wanzami ya ga ba ta ci, sai ya ƙara danna hannu. Daga danna hannun nan ne ake samun yanka, daga yanka ake samun jini. Askar da aka wasa daidai nauyin kanta ma ya ishe ta aiki.

Duwatsun da masana'antu ke yi suna zuwa da lamba a jikinsu ko a kwalinsu. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin dutsen. Baƙin dutsen kasuwa mai fuska biyu galibi lambarsa ba ta kai 400 ba, ko ta fuskar da ake cewa mai laushin. Sinadarin da ake yin irinsa da shi wani Ba'amurke ne mai suna Edward Acheson ya gano shi a 1891, kuma abu ne mai tauri ƙwarai, mai saurin cin ƙarfe. Ya dace da adda, da gatari, da lauje, da wuƙar fawa. Aska kuwa daga lamba 1000 take fara aikinta. Da dutse mai lamba 1000 ake daidaita bakin, a cire giɓi in akwai. Sai a hau mai lamba 3000 ko 4000, ya share karcen da na farko ya bari. Sai a gama da mai lamba 8000 ko sama da haka, wanda ke sa bakin ya yi sumul yana sheƙi. To ka duba tazarar da ke tsakanin 400 da 8000, sannan ka gaya mini ko laifin aska ne.

Maganar inji kuwa ta fi muni. Taurin aska daga wuta da ruwa yake, maƙeri ne ya gasa ƙarfen ya tsoma shi har ya yi tauri, ya kuma san iyakar zafin da zai sake ba shi. Bakin aska siriri ne kamar takarda, da ya hau kan injin da ke juyawa a bushe, cikin ƙiftawar ido ya ɗauki zafi. Ƙarfe yana fara sakin taurinsa tun daga wajen digiri 200, in kuwa ka ga bakin ya yi shuɗi-shuɗi to ya kai wajen 300, ya riga ya mutu. Za ka karɓe ta tana walƙiya ka ce an yi aiki, amma ba za ta gama kai ɗaya ba bakin ya lanƙwashe. Gobe ka koma wurin mai inji, ya sake cin ƙarfen. Askar da ya kamata jika ya gada sai ta zama tsinke cikin shekara guda. Mai inji bai cuce ka ba, aikinsa ya yi. Kai ne ka kai masa abin da ba nasa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan tsirfar Turawa ce. Duk inda ake aski da aska a duniya, an san dutse shi ne rabin sana'a. A ƙasar Beljiyam akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ake haƙowa a tsaunukan Ardennes tun ɗaruruwan shekaru, wanzaman Turai suna gadonsa daga iyaye. A Amurka akwai dutsen jihar Arkansas da ake wasawa da mai. A Jafan akwai duwatsun da ake haƙowa kusa da birnin Kyoto, ana wasawa da ruwa. Garuruwan da suka yi suna wajen ƙera aska, irin su Solingen a Jamus da Sheffield a Ingila, ba su taɓa cewa ƙarfensu mai kyau ne don haka a goga shi a kan kowane dutse ba. Mu ma a nan ba baƙin ƙarfe ba ne. Ga Sukur nan a ƙasar Madagali, maƙwabtanmu, waɗanda suka shahara da narka tama tun kafin zuwan Bature, har Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Yankin da ya san ƙarfe haka bai kamata a ce wanzamansa sun manta yadda ake lallaɓa bakin aska ba.

Wani zai ce, to ai iyayenmu ba su san wata lamba ba, kuma sun yi aski lafiya. Gaskiya ne. Ba su san lamba ba, amma sun san dutse. Tsohon wanzami ba ya tsintar dutse ya jefa a zabira. Zai juya shi a rana, ya shafa da yatsa, ya gwada da ƙarfe, in bai yi masa ba ya yar. In ya dace da mai kyau kuwa, sai ya naɗe shi a tsumma, ba ya ara wa kowa, ba ya bari a wasa wuƙa a kai, ranar da ya tsufa ya miƙa wa ɗansa tare da zabirar. Wannan sanin ne ya ɓace, kuma shi nake kuka a kai.

Mu da muke zaune a gindin tsaunukan Mandara sai mu ga kamar dutse ba abin nema ba ne, tunda ko'ina ka waiwaya shi ne. Amma yawancin duwatsun da suka kewaye Mubi masu manyan ƙwayoyi ne, irin masu ƙyalƙyali in rana ta haska su. Sun yi kyau da dutsen niƙa da harsashin gini. Aska kuwa ƙwaya ɗaya mai tauri a cikinsu ta isa ta yi mata giɓi. Wanda yake son ya nemi dutsen gida, a tsauni ne ko a gaɓar kogin Yedzaram, ga yadda zai gane. Ya nemi wanda idonsa ba ya iya rarrabe ƙwayoyinsa, launinsa ɗaya, babu jijiya babu tsaga. Ya jiƙa shi ya goga bayan cokali mai sheƙi a kai. In cokalin ya fito da zane-zanen da ido ke gani, dutsen na wuƙa ne. In ya fito da ɗan hazo sumul, ruwan kuma ya yi duhu alamar dutsen yana cin ƙarfe a hankali, to an dace. Wannan gwajin ya shafi har na kanti, domin akwai duwatsu masu araha da ake buga wa 8000 a kwali alhali ko rabin haka ba su kai ba. Araha ba ta ado. Cokali ba ya ƙarya, kwali yana yi.

Samun dutse mai kyau kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Leƙa zabirar wasu ka ga dutsen ya yi kwari a tsakiya kamar akushi. Aska a kwance ake wasa ta, gadon bayanta da bakinta duk suna taɓa dutse lokaci ɗaya, bakin yana gaba, ba tare da danne ta ba. In dutsen ya yi kwari, tsakiyar bakin ba za ta taɓa ba, sai gefe da gefe su yi ta cinyewa. Maganinsa mai sauƙi ne. A ja layuka da fensir a fuskar dutsen, a shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi, a jiƙa, a goga dutsen har layukan su ɓace gaba ɗaya. Wurin da fensir ya rage, nan ne kwarin. Dutsen ruwa a bar shi da ruwa, dutsen mai a bar shi da mai mai tsabta, domin wanda ya sha mai da wuya ya koma karɓar ruwa. Baƙin man inji ba shi da wuri a zabira. Yawu kuma, don Allah, a daina. Ruwa bai yi tsadar da za a tofa wa dutse yawu a wasa askar da za a ɗora a kan ɗan mutane ba.

Bayan dutse sai fata. Aska ba kullum take buƙatar dutse ba, wanda ke hawa dutse da ita kowace safiya cinye ta yake yi. Abin da take so kafin kowane aski shi ne fatar washi mai tsabta, a ja ta a kai, wannan karon gadon baya ne a gaba, don bakin ya miƙe. Sai fata ta kasa dawo da kaifin ake komawa dutse mai laushi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanzamin da ke zaune a zauren gidan suna da sassafe yana ƙwarzar aska a gaggauce, mata suna jira da jariri a hannu, tun jiya ya kamata ya gama wannan aikin ya gwada ta a gashin hannunsa.

Yanzu bari in juyo kan masu cewa a jefar da aska saboda cuta. Ba zan raina maganarsu ba, domin akwai gaskiya mai nauyi a ciki. Babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu kuma ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Jaririn da ya kamu da ita kuwa, kusan 9 cikin 10 da ita za su girma. Duk wanzamin da ya ji wannan ya ce ai Allah ne ke tsarewa, ya ci gaba da yadda ya saba, to a tuna masa Allahn ne ya ba shi hankali. Don haka a aikin da dole sai an fitar da jini, kaciya ce ko tsagar ƙaho, ba ni da ja: sabuwar reza, a ɓare ta a gaban mai ita, a yi aiki ɗaya a binne ta. Haka baƙon da ya tsaya a bakin kasuwar shanu yana son a yi masa gyaran fuska ya wuce. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Amma masu wannan magana su ma su amsa mini. Reza ita kaɗai tsarki ce? Ba mu ga masu karya reza biyu su yi wa mutum uku aski da ɓari ɗaya ba? Mariƙin da ake saka rezar a ciki, wa ke wanke shi? Ruwan kwano da sabulu da tsumman da aka yi wa mutum goma aiki da su fa? Tsofaffin rezar da ake watsarwa a gindin bishiya inda yaranmu ke yawo ba takalmi fa? Shagunan aski na zamani da ake ɗan haska wa bakin inji wutar laita a ce an kashe cuta fa? Ashe ke nan cutar tana bin sakaci ne, ko da wane ƙarfe aka yi shi. Kuma ga abin da ba sa lura da shi: cuta ƙofa take nema, ƙofarta kuwa yanka ne. Aska mai kaifi da ba ta fasa fata ta rufe wannan ƙofar fiye da reza mai arha da ta dakushe a tsakiyar kai. Maganar dutse da maganar lafiya magana ɗaya ce.

Tsarin tsabtar ma ba boyayye ba ne. A wanke aska da sabulu da ruwa kafin ta hau dutse, kada a kai jinin wani kan dutsen da ke tsotse ruwa. In an gama washi a sake wankewa, a tafasa ƙarfen minti 20 a rufaffiyar tukunya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, bai kai zafin da zai taɓa taurin ƙarfe ba, saɓanin harshen wuta da wasu ke lasa wa bakin aska suna kashe ta. A tsane ta sarai don kada ta yi tsatsa, a naɗe ta ita kaɗai. Wanzamin da ke da aska huɗu ko biyar zai iya fita da su duka a tafashe, kowane kai da tasa, da yamma ya dawo ya sake tafasawa. Gogawa a tafin hannu tsakanin wannan kai da wancan, wannan kam ya kamata ya zama tarihi.

Na san uzurin da za a kawo. Wani zai ce dutsen gadonsa ya salwanta lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan a ƙarshen Oktoban 2014, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa. Wannan uzuri ne na gaskiya, Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin ranar. Amma an dawo, an sake gina shaguna, an sake ɗaura aure, an sayi babura da wayoyi. Dutse ne kaɗai ya gagara mayarwa? Wani kuma zai ce dutse mai kyau tsada gare shi. Eh, yana da tsada, amma sau ɗaya ake sayensa, kuma wanda aka kula da shi ya fi mai shi daɗewa. Haɗa kuɗin reza na shekara da kuɗin mai inji da askar da ake sauyawa, ka ga wane ne mai tsadar.

Mu masu zuwa aski ma ba mu fita ba. Magidanci zai kashe dubbai a kan ragon suna da goro da shinkafa, amma in an zo sallamar wanzami sai a fara lalube aljihu ana neman canji. Mutumin da ka damƙa wa kan ɗanka, maɗigarsa tana motsi, shi ne kake ja-in-ja da shi a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba. Da me zai sayi dutse? Da me zai sayi gawayin tafasa aska? Wanda ya matse wanzami, kansa ya matse.

Hausawan da suka fara zama a garin nan, tun Mubi tana hedikwatar Lardin Sardauna da ma kafin haka, da sana'a suka samu wurin zama a tsakanin Fulani da Gude da Fali da sauran masu ƙasa. Fatauci, fawa, dukanci, malanta, wanzanci. An karɓe su ne saboda sun iya abin da suke yi. In muka bari aka san wanzamin Bahaushe da kartar kai da ƙuraje, sunan unguwa ne gaba ɗaya ya zube.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba ya buƙatar gwamnati. Sarkin Aska da dattawan sana'a su tara wanzaman unguwa, kowa ya zo da zabirarsa a buɗe, a duba dutsen kowa da gwajin cokali da na fensir. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda dutsensa na adda ne a gaya masa gaskiya. A yi adashe a sayo saiti ɗaya mai kyau, lamba 1000 da 4000 da 8000, ta hannun 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano da Legas, a ajiye wurin dattijo ɗaya, kowa ya riƙa zuwa yana wasawa har ya samu nasa. Kada a sallami yaro da zabira sai ya iya ɗaukar dakusasshiyar aska ya mayar da ita mai aske gashin hannu ba tare da ta ja ba. Kowane wanzami ya je asibiti a gwada jininsa, ya karɓi rigakafin ciwon hanta, don shi ne ya fi kowa kusa da jinin mutane. Iyaye su tabbatar an yi wa jariri allurar farko ta wannan cuta cikin awa 24 da haihuwa, kyauta ce a asibitocin gwamnati, tun kafin ranar askin suna ta zo. Magidancin da ke da hali kuma ya sayi askarsa ta kansa ya ajiye a gida, wanzami ya wasa masa ya yi masa aski da ita.

Kai kuma mai karatu, ranar da wanzami ya zo gidanka, bayan kun gaisa ka ce masa cikin mutunci, Baba, ko zan ga dutsenka? Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba, da murna zai kwance tsumman ya nuna maka. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ka ba shi goro ka sallame shi, ka nemi wani. Allah ya ba mu ikon gyarawa.